Alhaji, ka bar filinka, amma kar ka hana ta karatun lauya

Tambayar ta zo min ne daga wani dattijo mai harkar albasa a kasuwar Mile 12. 'Yarsa haifaffiyar Agege ce, ta gama sakandare, ba ta da zance sai na zama lauya. Makin da ta ci a JAMB bai kai ta sashen shari'a na Jami'ar Legas ba, sai wata jami'ar kuɗi ta ba ta gurbi, shi kuma ba zai iya ɗaukar nauyin ba sai ya sayar da filinsa na Birnin Kebbi. Abokan kasuwa sun ce masa lauyoyi sun yi wa ƙasar yawa, yunwa ma suke ji. Yana so ya san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya raya mana ita. Shekara goma sha shida ke nan ina cin abinci da wannan aiki a Legas, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Karatun lauya yana da riba, amma riba ce mai nawa, ba irin wadda mutum zai sayar da ƙasa ya zuba a ciki ba. Ka bar filinka inda yake. Kar kuma ka kashe wa yarinyar gwiwa saboda hirar rumfa.

Kai ɗan kasuwa ne. In za ka yi lodin tirela daga Aliero, ba kuɗin buhu kaɗai kake lissafawa ba. Akwai kuɗin mota, da abin da za a bari a shingayen hanya, da 'yan dako, da kwanakin da motar za ta yi kafin ta iso, da buhunan da za su ruɓe. Haka za ka yi wa wannan lissafin, kuma shekarun da zai ci sun fi nairorin tsada. Digirin shari'a shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, 4 ga wanda ya fara daga aji biyu. Bayansa akwai kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, sannan shekarar bautar ƙasa. Bakwai ke nan a takarda. Wanda yake jami'ar gwamnati a 2020 ya zauna a gida wajen wata 9 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 aka sake yin wani tun daga Fabrairu har Oktoba. Wannan ne ma babban kayan da jami'o'in kuɗi ke tallatawa, wato karatun da ba ya tsayawa, kuma ban raina shi ba. Amma ko komai ya tafi sumul, yarinyar da ta shiga tana da 17 ba za ta riƙe kuɗin guminta ba sai tana da 24 ko 25. Duk tsawon nan hannunka take kallo.

Iyaye da yawa suna zaton da an karɓi digiri an zama lauya. A'a. Digiri ƙofar zaure ce kawai. Duk mai son tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya a Najeriya sai ya bi ta Makarantar Horas da Lauyoyi ta gwamnatin tarayya, ya ci jarrabawarta, a rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. A nan Legas aka buɗe makarantar a 1963, a titin Igbosere, da ɗalibai 8 kacal. Daga baya ta koma Victoria Island, a 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari a Abuja. Yanzu tana da rassa a Legas, Bagauda ta jihar Kano, Enugu, Yola, Yenagoa da Fatakwal, kuma inda aka tura ɗalibi nan zai je. A zangon 2023/2024 aka ɗaga kuɗinta daga naira 296,000 zuwa 476,000, ka kuma san abin da ya hau a ƙasar nan ba ya saukowa. Wannan kuɗin makaranta ne zalla. Ba a zo maganar ci da sha ba, da littattafai, da kwamfuta, da suturar baƙi da fari da dole ita za a riƙa sawa kullum, da kuɗin mota na makonnin da za a tura su zaman kotu da ofishin lauyoyi don ganin aiki, da liyafar cin abinci uku da sai ɗalibi ya halarta kafin a rantsar da shi. Ranar rantsarwa kuma ga farar hular nan da baƙar alkyabba, ga kuɗin rantsarwar, ga dangin da za su ce sai sun je Abuja. Darussa biyar ake jarrabawa: shari'ar laifuka, shari'ar da ba ta laifi ba, dokar kamfanoni, dokar kadarori, da ladubban aiki. A lokacinmu darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke matakin da za ka fita da shi. Ka ci huɗu da kyau, ɗaya ya janyo ka ƙasa. Na ga haziƙai suna kuka a kan wannan.

Ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin nan ne ake cutar iyaye. Akwai majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi, ita ke riƙe da makarantar, ita ke kuma yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban shari'a da za ta ɗauka a shekara. Iya wannan adadin makarantar za ta karɓa daga jami'ar. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, amincewar wannan majalisa daban. To a ce an ba jami'a gurbi 50, ita kuma don son kuɗi ta ɗebi 150. Duk za su biya, duk za su sa rigar yaye ɗalibai a ɗauki hoto, amma 50 ne za su wuce, sauran su shiga layi, baɗi kuma ga wasu sun fito sun same su a layin. Majalisar takan dakatar da jami'ar da ta yi haka, amma kafin nan yaran mutane sun riga sun maƙale. Waɗanda suka karanta shari'a a Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, sun yi shekaru ana ja-in-ja a kan shigarsu makarantar. Akwai wani yaro da ya zauna a ofishina yana kai mana takardu kotu, digirinsa na ninke a jaka, shekara uku yana jiran sunansa ya fito. Mahaifinsa shanu ya sayar ya biya masa. Saboda haka kafin ka ba kowace jami'a ko sisi, ta kuɗi ce ko ta gwamnati, ka sa a tambayo maka abu uku: majalisar ta amince da sashen shari'arsu? Gurbi nawa aka ba su, mutum nawa ne a aji ɗaya yanzu? Waɗanda suka gama bara, nawa suka tafi Makarantar Lauyoyi? In aka fara yi maka 'yan kame-kame, ka ɗauki hularka.

Sai maganar yunwar da abokanka suka yi. Ba ƙarya suka yi ba, rabin labarin suka faɗa. Lauyoyin Legas duniya biyu ne. Akwai manyan ofisoshi na Ikoyi da Victoria Island masu yi wa bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa aiki. Suna biyan sabon lauya albashi mai kauri, amma mutum kaɗan suke ɗauka, kuma sakamako suke fara dubawa, na jami'a da na Makarantar Lauyoyi. Wanda bai fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu mai girma ba, da wuya a kira shi ko da ganawa. Sai kuma sauranmu. Ni ofishin da na fara aiki ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene a tsibirin Legas. Ina idar da sallar asuba nake fita daga Agege, in hau danfo zuwa Oshodi, in sauya wata, kwat ɗina a cikin leda don kar ta yi ƙura, fayil a kan cinya. In isa kotu kafin tara, in zauna har sha biyu, a kira shari'armu a ɗage ta zuwa wata uku cikin minti biyu. Albashina kuɗin mota ne ke cinye fiye da rabinsa, wani watan ma sai maigidan ya ce in yi haƙuri, masu shari'a ba su biya ba. Har gobe na san matasan lauyoyi a garin nan da abin da ake ba su bai kai naira 77,000 da ɗan bautar ƙasa ke karɓa ba. Daga cikin irinsu ne ake samun masu tsayawa a harabar kotun majistare suna jiran motar fursunoni ta sauke mutane, waɗanda ake yi wa laƙabi da lauyoyin caji-da-beli. Ba na yi musu dariya, na san abin da ya kai su.

Ƙananan ayyukan da sabon lauya ke rage zafi da su a da ma sun ja baya. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yanzu mutum na iya yi da kansa ta intanet. Tun 2018 Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka inda mai bin bashi zai iya shigar da ƙara ya tsaya wa kansa ba lauya. Kuma ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye: ƙa'idojin aikinmu sun hana lauya mai aiki ya riƙa saye da sayar da kaya da kansa ko ya yi dillanci. Za ta iya mallakar hannun jari a kamfani, amma ba za ta yi kotu da safe ta zauna a rumfarka da yamma ba. Ba a kuma yarda lauya ya bi mutane yana farautar shari'a kamar mai tallan magani ba. Suna ne jarinsa, shi kuwa suna a hankali yake tsiro. Shekara biyar na farko koyo ne da haƙuri. Dokar ma ta san da haka: sai lauya ya shekara 10 da rantsarwa kafin ya cancanci zama alƙalin babbar kotu ko ya nemi muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli.

To me ya sa ban ce ta haƙura ba? Saboda 'yarmu tana da wani jari da yawancin 'yan ajinta ba za su samu ba ko da kuɗi. Ta tashi a Agege, na tabbata Yarabanci a bakinta yake, ga Hausa ta gida, ga Turancin makaranta. Ka dubi yawan mutanenmu a garin nan: Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago, mayankar Oko-Oba, direbobin tirela na Apapa, 'yan canji, masu gadi, 'yan acaɓa. Kullum suna cikin abin da ke buƙatar lauya, lauyoyin da ke jin harshensu kuwa sai ka ƙirga. Na taɓa zama a wata kotun majistare ina jiran tawa shari'ar, aka shigo da wani yaro ɗan acaɓa bayan haramcin acaɓa da aka yi a wasu sassan Legas a 2022. Aka karanta masa tuhuma da Turanci, aka tambaye shi ya yi ko bai yi ba, sai ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar ladabi da yaro ke yi wa babba. Saura ƙiris a rubuta ya amsa laifi. Na miƙe na nemi izini, na ce yaron nan bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta. Ban karɓi ko kwabo ba a ranar, amma shugabannin tasharsu har yau ni suke kira, kuma ta dalilinsu na samu mai tireloli da shi ne ya fara biyana kuɗin da na kama ofishina.

Irin waɗannan ba sa ƙarewa. Mai gida ya zo ya ce wa ɗan haya ya tashi cikin mako guda, alhali dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara sanarwar wata 6 in ba su yi wata yarjejeniya daban ba. Wani alhaji ya sayi fili a hannun 'yan omo-onile, wato masu cewa ƙasar gadonsu ce, da rasit ɗin hannu, bai binciki rajistar filaye ba, bai san da maganar amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta shar'anta ba, sai ya fara gini wani ya ɓullo da takarda. Mutum ya ba da kayan miliyoyi bashi da baki kawai, don kunyar ya ce a rubuta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na gado. Wani mai harkar shanu ya rasu, aka raba abin da ya bari a gaban malamai yadda addini ya tsara, kowa ya yarda. Sai aka je banki. Banki ya ce bai san wannan takarda ba, a kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati da za a ce a garzaya. Matar tana cikin takaba, ina daga bakin ƙofa ina tambaya, ita tana daga ciki, ƙanin mijin ne ke amsa min a madadinta. Sai bayan wata biyu na gano akwai wani asusu da ita kaɗai ta sani, ta kasa faɗa a gaban maza. Ranar na ce a raina, da ina da lauya mace Bahaushiya a ofis, da ta shiga ta zauna kan tabarma da ita, a yini ɗaya an gama. Wannan gurbin a buɗe yake, Alhaji, kuma wadda ta haɗa dokar ƙasa da fiƙihun gado da aure ita za ta cike shi.

Sai dai in faɗa maka aibinmu, kar in yi son kai. Mutanenmu ba sa son biyan kuɗin shawara. Mutum zai zauna maka awa biyu, ka fitar da shi daga ramin miliyan goma, ya tashi ya ce "Barista, Allah ya saka da alheri, ai magana ce kawai." Sai an kulle ɗansa ne kuɗi ke fitowa. Dole ta koyi faɗin farashinta ba kunya, abin da ni sai da na yi shekaru kafin na iya.

Na san akwai abin da ba ka rubuta ba amma yana ranka, wato ita mace ce. Maganar hijabi an wuce wurin. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda ta ƙi cire nata, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da shi a kanta. Mace ta farko da ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya, Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, 'yar Arewa ce, ta riƙe kujerar daga 2012 zuwa 2014, a 2024 kuma Mai shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta nan Legas ta hau. Kuma ba kowane lauya ke yini a kotu ba. Akwai na ma'aikatar shari'a, da na bankuna, da sakatarorin kamfanoni, da masu koyarwa, da masu sulhu. Maganar aure ce kawai zan ce ku yi ta tun yanzu kai da mahaifiyarta, domin shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Na ga waɗanda suka yi aure a aji uku suka ƙarasa lafiya saboda an yi sharaɗi da mijin tun farko, na kuma ga waɗanda karatun ya tsaya a nan.

Mu koma kan filin. Kuɗin sashen shari'a a yawancin jami'o'in kuɗi miliyoyi ne a kowace shekara, kuma na aji biyar ba zai zama daidai da na aji ɗaya ba. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗin makaranta kuwa sau biyar zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, sannan ga Makarantar Lauyoyi tana jira, ga ƙannenta suna tasowa. In kuɗin ya yanke a aji uku, ba fili ba digiri. Bayan haka, wadda ta fito daga jami'ar miliyoyi da wadda ta fito daga ta gwamnati aji ɗaya za su zauna a Bwari ko Bagauda, jarrabawa ɗaya, hula ɗaya. Alƙali bai taɓa tambayata jami'ar da na yi ba. Da kana da rarar da za ka biya daga ribar kasuwa ba tare da ka taɓa jari ko kadara ba, da na ce bismillah, bayan ka yi binciken gurbin nan.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ta sake zama JAMB, shekara guda ba asara ba ce a wannan tafiya. A duba sakamakonta na WAEC ko NECO tukuna, domin in babu kiredit a Turanci da Adabin Turanci ba inda za a ɗauke ta shari'a. Sannan ta daina kallon Jami'ar Legas kaɗai. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Da takardar asalinta ta Kebbi, makin da bai isa komai ba a Legas zai iya yin magana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Can da Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ilori duk suna koyar da dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci, wanda shi ne daidai abin da na ce ana nema a nan. Akwai kuma hanyar karatun share fage na IJMB ko JUPEB mai kai ɗalibi aji biyu, ko da yake guraben shari'a ta nan ba su da yawa. In ta samu ta gwamnati, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta ba ruwa, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Kafin duk wannan, a gwada son nata. Yara da yawa lauyan fim suke so, mai daka tsawa yana nuna yatsa. Aikin gaske karatu ne da rubutu da jira. Zauren kotu a buɗe yake ga kowa, ba a biyan kuɗin shiga. Ka sa yayanta ya raka ta kotun majistare ta Ogba, ga ta nan kusa da ku, ko babbar kotu ta Ikeja, ta yi mako guda tana zama a bencin baya daga Litinin zuwa Juma'a. Ƙarfe tara ake fara zama. Ta tafi da littafi da biro, ta kashe wayarta, ta kuma karya kumallo sosai. Kowace yamma ka ce ta ba ka labarin shari'a ɗaya da Hausa, wa ya kai ƙarar wa, me ake jayayya a kai, me ya sa aka ɗage. In ranar Juma'a ta dawo tana tambayar yaushe za a koma, ka turo min ita ofis ta fara ɗaukar mana fayil kafin lokacin JAMB ya zagayo.